Hunturu a Lambun Mahaifiyata: Abin da Jadawalin Aji Bai Koya Mana Ba

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani ɗan jadawali da kusan kowannenmu ya kwafa a littafinsa tun yana aji ɗaya. Layi huɗu ne kawai: damina, kaka, hunturu da bazara, kowace kalma da takwararta ta Ingilishi a gabanta. Mun haddace shi, mun ci jarrabawa da shi, wasunmu ma har sun koya wa yara shi a lokacin gwajin koyarwa. Ni ma ina cikinsu. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, wannan jadawali ya ba mu sunayen lokutan shekara, amma bai nuna mana lokutan su kansu ba, kuma inda ya fi yi mana illa shi ne wajen kalmar hunturu, wadda aka ce mana ita ce winter. Na gane haka ne a bayan gidanmu da ke Ibadan, cikin ɗan lambun mahaifiyata, bayan na yi mata wata ɓarna da har yau idan ta tuna sai ta yi mini dariya.

Ɓarnar da na yi

Lambun Mama ba wani babba ba ne, bai fi taku 12 a tsaye da taku 8 a kwance ba, tsakanin kicin da katangar maƙwabta. Amma da wuya a ɗora tukunyar miya a gidanmu ba a tsinko wani abu daga cikinsa ba. Akwai lalo, wanda mu Yarabawa muke kira ewedu, akwai alayyafo da kuɓewa da ugu, akwai shuwaka da ɗaɗɗoya a jikin katanga, sai zogale guda biyu da gwanda da ayaba a kusurwar da ruwan wanke-wanke yake gangarawa. A tsakar gida kuma akwai wata tsohuwar bishiyar mangwaro da ta girme ni.

A hutun Disamba na shekarar da nake aji biyu, Mama ta tafi biki Ogbomoso, ta bar mini amanar lambun na kwana 10. Ta ce in riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Na amsa da baki, amma a zuciyata na ce wannan wahalar banza ce. Ai hunturu ake yi. A duk littattafan Turawa da na karanta tun ina sakandare, lokacin sanyi lokaci ne da lambu yake barci, mai lambu ya rataye kayan aikinsa ya shiga ɗaki ya jira. Tun da an ce mini hunturu shi ne wannan lokaci, sai na ɗauko duk abin da na sani game da nasu na ɗora wa namu. Da asuba zan fito cikin rigar sanyi, in taɓa ƙasa in ji ta da sanyi, in ce ƙasa mai sanyi ba ta jin ƙishirwa. Sai na koma ba da ruwa sau ɗaya a kwana uku.

Kafin mako ya zagayo, lalo ya yanƙwane, alayyafo ya sunkuyar da kai, ƙasa ta yi fari ta tsattsage. Irin tattasai da Mama ta yafa kafin ta tafi, wanda ya fara tsirowa, ko ɗaya bai rayu ba. Shuwaka da zogale ne kaɗai suka jure, su ma don saiwarsu ta yi nisa. Da Mama ta dawo ta tsaya ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta juyo ta ce da ni cikin harshenmu, "Ke da kike shafa mai sau uku a rana don kada fatarki ta tsage, wa ya gaya miki ganye ba ya jin abin da kike ji?" Ban sami amsa ba. Leɓena a tsage yake a lokacin, ƙafata duk kaushi, tawul ɗin da na shanya yana bushewa cikin 'yan mintoci. Duk alamun suna jikina, amma na ƙi karanta su saboda na riga na haddace jadawali.

Sanyi biyu, hali biyu

Ya mai karatu, bari mu duba abin da ya raba waɗannan lokuta biyu, domin a nan ne maganar take. A ƙasashe irin su Ingila, sanyin Disamba zuwa Fabrairu yana zuwa ne saboda rana ta karkata ta yi nesa da tsakiyar samaniyarsu. Yini ya gajarta ƙwarai, har a birnin Landan hasken rana ba ya cika awa 8 a ranar 21 ko 22 ga Disamba. Sanyi yakan kai ma'aunin da ruwa yake daskarewa, wani lokaci dusar ƙanƙara ta sauka. Da ƙarancin haske da tsananin sanyi suka haɗu, sai yawancin tsirrai su dakatar da girma, itatuwa su kakkaɓe ganye su jira. Ƙasa kuwa a jiƙe take, ba ta rasa ruwa ba. Mai lambu a can yana da hujjar hutawa.

Namu ba haka yake ba. Hunturu iska ce kafin ya zama lokaci. Tana tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, ta kwaso ƙura, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a zamanin da can ƙasan wani babban tafki ne. Takan fara kaɗawa daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Maris, ta fi ƙarfi da daɗewa a Arewa, ta iso mana Kudu da ɗan sauƙi. Busasshiyar iska ce wadda ba ta ɗauke da danshi, saboda haka duk abin da ta taɓa sai ta tsotse masa ruwa: fata, leɓe, ganye, ƙasa, har katakon ƙofa. Da dare kuma, saboda babu gajimare da danshin da za su riƙe zafin ƙasa, sai zafin ya tsere sama, gari ya waye da ɗari. Amma da hantsi ya yi, rana tana nan da ƙarfinta ko da hazo ya rufe ta. A Kano sanyin asuba a Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, da rana kuma ya hau kusa da 30. Tsawon yini a Ibadan kuwa bambancinsa tsakanin Yuni da Disamba bai kai awa ɗaya ba.

Ke nan shukarmu ba ta rasa haske ba, ba ta kuma rasa ɗumin girma ba. Ruwa kawai ta rasa. A can sanyi ne yake tsayar da shuka, a nan ƙishirwa ce take kashe ta. Wanda ya ba ta ruwa zai ga ta yi kyan da ba ta yi da damina. Wanda ya bar ta ta huta, kamar yadda na yi, zai tarar da gawarta.

Su kansu Turawan da suka zo gaɓar tekun Afirka ta Yamma sun fahimci wannan bambanci. Suna da kalmarsu ta lokacin sanyi, amma ba su laƙaba wa wannan iska ita ba. Sai suka ari suna daga harsunan Akan na ƙasar Gana ta yau, suka ce harmattan. Mu Yarabawa muna cewa oye, Ibo suna cewa uguru. To, idan mai kalmar da kansa ya ga ba ta dace da iskarmu ba har ya je aro, mu don me za mu koya wa yara cewa abu ɗaya ne?

Abin da harshen da kansa yake faɗa

Bayan wannan ɓarna, Mama ta aike ni Sabo in sayo irin alayyafo. Sabo unguwar Hausawa ce a Ibadan tun shekarar 1916, kuma a can nake gwada Hausata tun ina ɗan koyo. Na je wurin wani dattijo mai kayan miya, mutumin wajen Kura ta Jihar Kano. Na ce, "Baba, ina sanyi?" Ya ce, "Sanyi lokacinsa ne, 'yata." Da na ba shi labarin abin da na yi, sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "'Yar nan, ai hunturu ɓarawon ruwa ne. Rana a gabanki take sha, shi kuwa a ɓoye yake sha, kina cikin bargo." Daga nan ya shiga ba ni labarin ƙuruciyarsa a lambu, yadda ake yanka fangali, yadda ake renon iri a yi dashe, yadda a da suke jan ruwa da jigo tun kafin injin ban-ruwa ya yawaita. Ya ce a garinsu wanda ya kwanta barci da hunturu shi ne zai ci bashi da bazara.

A hanyata ta komawa gida na riƙa juya kalmomin da na ji. Lambu, fadama, fangali, jigo, ban-ruwa, dashe, noman rani. Duk kalmomin aiki ne, kuma duk na lokacin da ruwan sama ya ɗauke ne. Haka kuma akwai cin rani, wato barin gida bayan an gama kaka a tafi neman kuɗi wani gari kafin damina ta dawo. Harshen da ya tara irin waɗannan kalmomi bai san wannan lokaci da barci ba. Har ita kalmar rani ɗin ma, ku lura, ba ta cikin jadawalinmu mai layi huɗu, alhali ita ce babbar kishiyar damina a bakin Bahaushe, kuma hunturu da bazara duk a cikinta suke. An bar ta a waje ne kawai don Ingilishi lokuta huɗu gare shi, kuma ana son lissafi ya yi daidai. Haka aka bar marka, lokacin da ruwa yake kwana yana zuba a tsakiyar damina.

Kasuwa ma shaida ce. Duk wanda ya taɓa cefane a Bodija ko Shasha ya san cewa tumatir da tattasai da albasa sun fi araha da kyau tsakanin Janairu da Maris, su yi tsada idan damina ta kankama. Dalili kuwa shi ne tumatir yana son dare mai sanyi da iska marar danshi, wadda cututtukan ganye ba sa yaɗuwa a cikinta sosai. Manoman Kadawa da Kura, masu amfani da ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da manoman albasa na Aliero a Jihar Kebbi, a wannan lokaci ne suke cikin tsananin aiki. Alkama ma a Nijeriya da hunturu ake noma ta, a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, a girbe wajen Maris, domin sanyin nan take bukata. Wato miyar da muke sha a Kudu a watan Fabrairu, hunturun Arewa ne ya dafa mana ita.

Ko a tsakar gidanmu, cikin hazon nan ne mangwaro yake cika da fure, ƙudan zuma su yi ta kai da komo, a sha 'ya'yansa idan zafi ya shigo. Cikinsa ne agwaluma take fitowa kasuwa. Cikinsa ne Mama take shanya barkono da yankakkiyar kuɓewa su bushe ƙarau ba tare da sun yi fumfuna ba. Da aka kai mu Arewa zaman sanin al'ada kuwa, na ga abin da ya fi waɗannan ban mamaki, wato itacen gawo. Kuka tana tsaye tsirara babu ganye ko ɗaya, shi kuwa gawo a gefenta kore shar. Da damina yake zubar da ganyensa, da rani ya yi toho. Wanda ya haddace cewa hunturu lokacin zubar ganye ne kawai, me zai ce idan ya tsaya a gindin gawo?

Masu cewa ba komai

Na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, kuma suna da hujja. Wani abokin karatuna ya ce mini, mai fassara ba shi da lokacin dogon bayani. Idan labari ya zo cewa sanyi ya tsananta a Turai, dole ya sami kalma ɗaya, kuma gidajen rediyo masu watsa shirye-shirye da Hausa sun daɗe suna cewa lokacin hunturu, masu sauraro kuma suna ganewa. Ya ƙara da cewa haka harshe yake, kalma takan faɗaɗa ma'anarta idan sabon abu ya zo.

Na yarda da wannan. Ba ina kira a hana mai fassara aikinsa ba ne. Amma mu tuna su wane ne masu sauraron nan. Bahaushen da ke Katsina ko Maraɗi, idan ya ji an ce hunturun Turai, ya riga ya san nasa hunturun a fatarsa da gonarsa, saboda haka ya san aro aka yi, ba zai ruɗe ba. Mu kuwa da muka koyi Hausa da girmanmu, ta bayan gida muka shigo wa kalmar. Ma'anar aro muka fara sani kafin ta asali. Shi ya sa lokacin da nake gwajin koyarwa na rubuta jadawalin nan a allo, wani yaro ɗan ƙaramar sakandare ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ashe dusar ƙanƙara tana sauka a Kano?" 'Yan ajin suka yi dariya, amma ni ban yi ba. Yaron bai yi kuskure ba, abin da na rubuta ya bi.

Kalmar bazara ma ta fi shan wahala. Wasu suna ba ta lokacin da furanni suke buɗewa a Turai bayan sanyi, lokacin iska mai daɗi. Bazarar Bahaushe kuwa ita ce tsananin zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiyoyi suke ƙafewa, ake sharar gona ana duban gabas. Bugu da ƙari, ko da watanni aka bi, lissafin ba ya tsayawa, domin a Afirka ta Kudu lokacin sanyinsu Yuni zuwa Agusta ne, daidai lokacin da muke tsakiyar damina.

Kada kuma mu Yarabawa da Ibo mu ɗauka matsalar tsakanin Hausa da Ingilishi kaɗai take. Oye ɗinmu ma ba daidai yake da hunturun Kano ba. Namu yakan zo ya yi 'yan kwanaki ya ɗauke, ya sake dawowa, Mama ma tana ƙorafin cewa a 'yan shekarun nan yakan makara. A watan Maris, lokacin da Kano take shiga bazara, mu a Ibadan mun fara samun ruwan fari. Saboda haka ko da harshen uwa muka fassara, sai mun yi hattara.

Abin da nake ba da shawara

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta nemi a ƙarfafa wa kowane yaro gwiwa ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan nan uku ban da nasa. Da yawanmu malamai za mu zama, kuma yaran da za mu koyar wataƙila ba za su taɓa taka Kano ko Sakkwato ba. Abin da muka ba su shi ne Hausarsu. Idan muka ba su kalma babu ƙasa a gindinta, to mun ba su shukar da ba za ta kama ba.

Shawarata ta farko, mu daina fara darasin lokutan shekara da jadawalin fassara. Mu fara da aiki: me ake yi, me ake ci, me ake sawa, yaya ake gaisuwa. Yaron da ya koyi "Ina sanyi?" da amsarta, ya koyi "Ina ruwa?" da "Ruwa ya yi gyara," ya kuma ga yadda suka yi kama da gaisuwar oye da muke yi a gida, ya fi wanda ya haddace layi huɗu kusa da harshen.

Ta biyu, ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta nemi izinin sashe mu yi ɗan lambu, ko da a cikin tsofaffin bokitai da buhuna ne. Mu shuka lalo da rama kusa da juna, domin da yawanmu muna ɗaukar su abu ɗaya ne alhali tsirrai biyu ne daban. Mu shuka yakuwa da alayyafo da kuɓewa da zogale, mu kafa wa kowanne ɗan allo da sunansa na Hausa da na sauran harsunanmu. Mu raba kwanakin ban-ruwa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Kuɗin irin bai kai na katin waya ba. Wanda ya ɗauki bokiti da asuba cikin ɗari ba zai sake manta ma'anar yaushi da toho da dashe ba. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

Ta uku, mu riƙa zuwa unguwannin Hausawa da kasuwannin kayan gwari da ke kusa da mu da littafi da alƙalami, mu gaida dattawa, mu yi tambaya. Abin da Baba ya koya mini cikin rabin awa a bakin tirensa, ban same shi a zangon karatu guda ba. Ba raina aji nake yi ba, domin ba don aji ba da ban iya yi masa tambayar ba. Amma aji da kasuwa hannu biyu ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

Hunturun da ya biyo baya, Mama ta sake bar mini lambun. Wannan karon na ba shi ruwa da asuba da kuma bayan la'asar, na rufe gindin kowace shuka da busasshen ganyen ayaba don ƙasa ta riƙe danshi, na riƙa yayyafa wa ganyen ugu ruwa in wanke masa ƙura. Ruwan wankin shinkafa ma ban zubar ba, domin rijiyarmu takan ja baya a Janairu. Da ta dawo ba ta yabe ni ba, Mama ba ta yabo da baki. Kwarya ta miƙo mini ta ce in tsinko lalo, baƙi za su zo.

'Yan'uwa, an ce Hausa ba dabo ba ce, kuma gaskiya ne. Amma ba a cikin ƙamus kaɗai take zaune ba, tana cikin fangali da kwandon tumatir da gaisuwar safiya. Idan hunturu ya sake zagayowa, kowa ya fita ya dubi abin da yake yi wa shukar da ke kusa da shi, sannan ya dawo ya gaya mana ma'anar kalmar. A nan zan dasa aya. Idan an ga kuskure a yi mini afuwa, har yanzu 'yar koyo ce ni. Allah ya ba mu sa'ar karatu.